Wayar da Aka Buɗe Amma Ta Kasa Gane Inda Take

Wayar da wannan bayani ya shafa ta zo shagona da ke cikin garin Sakkwato a tsakiyar watan Fabrairu, lokacin da sanyin hunturu ya fara ja da baya, masu noman rani kuma suna tsaka da aikin albasa a fadamun Wurno da Goronyo. Mai ita ɗan yayata ne, matashi da ya samu aikin wucin gadi da wata ƙungiya mai tattara bayanan manoman rani. Aikinsa shi ne ya je gona, ya yi wa manomi tambayoyi, ya cike fom a cikin wata manhaja, sannan ya tsaya a bakin rijiya ko a kusurwar gona ya ɗauki lambobin da ke nuna ainihin wurin a taswira. An saita manhajar yadda ba za ta karɓi wurin ba har sai kuskuren awon ya sauko zuwa mita 5 ko ƙasa da haka. Kowace safiya kuma shugaban tawagarsu yana turo sunayen ƙauyukan da za a shiga ta zauren WhatsApp, wani lokaci ma ya sauya shiri bayan kowa ya kama hanya.

Wayar ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, kuma duk lokacin da aka kunna ta sai tambarin wani kamfanin sadarwa na can ya fara bayyana kafin komai. Mai sayarwa ya tabbatar masa cewa an buɗe ta, ya sa layinsa a gabansa, kira ya shiga, ya biya kuɗi ya tafi. Bai shawarce ni ba kafin ya saya, wannan ne ya sa ya shafe mako uku yana fama da ita kafin kunya ta bar shi ya kawo mini.

Ƙorafinsa biyu ne. Na farko, idan ya tsaya a gona zai ɗauki wuri, sai ya yi minti goma ko fiye cikin rana yana kallon lambar kuskure tana nuna mita 900 ko 1,200, manomi yana tsaye yana jiransa, alhali abokan aikinsa masu wayoyin da ba su kai tasa tsada ba sun gama nasu sun wuce gona ta gaba. Idan ma wurin ya kama, lambar takan tsaya tsakanin mita 15 da 30, ta ƙi saukowa inda manhajar ke so. A cikin gari kuma kibiyar Google Maps takan nuna masa gabas alhali ya fuskanci yamma, har wata rana da ya hau kabu-kabu daga Runjin Sambo zai je wani gida a Mabera ya sa mai babur ya yi ta zagaye. Na biyu, saƙonni ba sa yi masa ƙara. Wayar takan wuni shiru a aljihu, amma da zarar ya buɗe WhatsApp da hannunsa sai saƙo talatin ko arba'in su zubo lokaci guda. Abin da ya kawo shi wurina shi ne ranar da ya tafi wani ƙauye ta wajen Kware, alhali tun da safe an sanar cewa tawagar ta koma Wurno, ya yi asarar kuɗin mota da na aikin wannan rana.

Da ya ajiye ta a kan teburina sai ya ce: "Kawu, wagga waya ta gajishe ni. Na kai ta wurin wani mai gyara, ya ce buɗewar da anka yi mata ita ta ɓata ta, sai an yi mata filashin."

Wannan magana ta mai gyaran ita ce abin da na fara aunawa, domin ina yawan jin ta a kasuwar waya, kuma mafi yawan lokuta ba ta da tushe. Kamfanonin sadarwa na Amurka sukan sayar da waya a biya sannu a hankali, don haka sukan kulle ta yadda ba za ta karɓi layin wani kamfani ba. Buɗewar da ake magana a kai cire wannan takunkumi ne kawai, ba ta taɓa na'urar da ke sauraron taurarin ɗan'adam, ba ta kuma taɓa hanyar da sanarwa ke bi. Akwai wata buɗewar daban, wadda ake yi wa tushen manhajar waya don a sauya mata tsari gaba ɗaya, kuma wayar da aka yi wa irin wannan takan nuna gargaɗi a allo duk lokacin da aka kunna ta. Tasa ba ta nuna komai ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, wayar da aka cire wa takunkumin layi tana nan da kayan gidan da ta fito: manhajar kamfanin can, saitunansa, da zangon sabis ɗin da aka ƙera ta dominsa, wato irin siginar hasumiyar da take iya kamawa. Daga nan ne matsala takan ɓullo, kuma filashin, wato share manhajar waya a sake ɗora ta, ba ya maganin mafi yawanta. Ga shi kuma yana da fom sama da arba'in a cikin wayar da bai samu turawa ba, waɗanda filashin zai share su tas. Don haka abu na farko da muka yi shi ne haɗa ta da intanet ɗin shago, ya tura aikinsa duka, sannan na fara bincike.

Sai an fahimci yadda waya ke gane wuri kafin a gane abin da na gani. Taurarin GPS mallakar Amurka ne, kimanin 30 suke aiki, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana guda. Akwai kuma GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin, kuma wayoyin zamani suna sauraron yawancinsu a tare. Waya ba ta aika wa tauraro komai. Sauraro kawai take yi, shi ya sa wannan aiki ba ya buƙatar layi ko data. Kowane tauraro yana faɗin lokacin da saƙonsa ya tashi, waya ta lissafa tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta san nisanta da shi, kuma tana buƙatar aƙalla taurari 4 kafin lissafin ya fita. Sai dai lissafin ba zai yiwu ba idan ba ta san inda kowane tauraro yake a sama ba a wannan lokaci. Taurarin suna watsa wannan bayani da kansu, amma a hankali ƙwarai, ɗigo 50 na bayani a daƙiƙa guda. Kowanne yana maimaita bayanin hanyarsa duk daƙiƙa 30, cikakken jadawalin dukkansu kuma yana ɗaukar minti goma sha biyu da rabi kafin ya kammala. Idan siginar ba ta da ƙarfi har wani yanki na bayanin ya yanke, dole waya ta jira zagaye na gaba. Don kauce wa wannan jira ne aka ƙirƙiro tallafin da ake kira A-GPS, inda waya ke sauko da bayanin ta intanet cikin ƙiftawar ido. Kafin taurari su kama kuwa, waya takan yi kintace da hasumiyar sabis mafi kusa, kuma a karkara, inda hasumiyoyin ke da tazara, kintacen ne ke ba da waɗannan lambobi na mita dubu da yake gani.

Bayan la'asar muka fita filin da ke bayan shago, nesa da rufin kwano, domin kwano da dakalin siminti suna tare siginar, kuma gwajin da aka yi a cikin shago ba ya nuna gaskiya. Na ɗora wayarsa da tawa a kan benci guda, kowacce da manhajar GPSTest, wadda ke jero taurarin da waya ke ji, da tutar ƙasar kowanne, da lambar ƙarfin siginarsa. Tawa ta kama wuri cikin 'yan daƙiƙoƙi, taurarinta masu ƙarfi suna nuna 38 zuwa 45. Tasa tana ganin taurarin, amma mafi ƙarfinsu bai wuce 25 ba, da yawa suna yawo tsakanin 17 da 21, suna bayyana suna ɓacewa, kuma sai da ta cinye minti tara kafin ta kama. Ya tambaye ni ko hazon da ya rufe gari ne. Na nuna masa cewa sama ɗaya ce a kan wayoyin biyu. Ƙura da gajimare ba sa hana wannan sigina wucewa. Abin da ke dagula ta a wannan yanki na duniya shi ne hargitsin da kan auku a can ƙololuwar sararin sama bayan faɗuwar rana, shi kuwa da hantsi da azahar yake aikinsa, don haka wannan ma ba ya cikin lissafi.

Raunin siginar ya sa tun a nan na fara zargin eriya, amma al'adata ita ce in gama da abin da ba ya buƙatar sukundireba kafin in buɗe wayar mutum. Na duba izinin wuri, domin tun daga Android 12 mai waya yana iya ba manhaja wurin da aka kintata kawai maimakon ainihin wurin. Manhajar fom ɗinsa tana da cikakken izini, don haka na wuce. Tsarin tsimin batir kuwa a kunne na same shi, kuma ya ce bai taɓa kashe shi ba tun ranar da ya saye ta. A wayoyi da yawa wannan tsari yana dakatar da neman wuri da zarar allo ya mutu, ma'ana duk lokacin da ya jefa ta aljihu tsakanin gona da gona, abin da ta tara da wahala yana yankewa.

A wurin agogo na ci karo da wani abin da ya ba ni dariya. Allon yana nuna ƙarfe huɗu da rabi daidai da agogon bango, amma a ciki an kashe saitin lokaci na kai tsaye, yankin lokacin kuma yana nan a kan Shikago. Wanda ya shirya ta don sayarwa bai sauya yankin ba, sai ya tura agogon gaba da hannu har ya yi daidai da namu. A watan Fabrairu tazarar Shikago da Najeriya awa bakwai ce, don haka a lissafin wayar, lokacin duniya ya yi gaba da awa bakwai. Na ce ya buɗe zauren aikinsu. Saƙon da shugabansu ya turo ƙarfe bakwai na safe yana ɗauke da ƙarfe goma sha biyun dare. Sai ya riƙe baki ya ce dama ya daɗe yana mamakin mutumin da ba ya barci, kullum cikin dare yake raba aiki. Na mayar da lokaci da yanki su riƙa daidaita kansu daga sabis. Da na maimaita gwajin fili ban ga jinkirin ya ragu ba, don haka ban ɗora wa agogon wannan laifi ba, amma ya warware wani ruɗani da ke sa shi ɗaukar sabon saƙo a matsayin na jiya.

Saitin APN, wato ƙofar da waya ke bi ta shiga intanet ɗin kamfanin layi, shi ne wurin da tarihin wayar ya fito fili. Wayar da aka sayo sabuwa a nan takan cike wannan da kanta da zarar an sa layi. Tasa kuwa jerin da ke cikinta na kamfanin Amurka ne, don haka wani ya rubuta na layinmu da hannu, kuma a gurbin nau'i ya sa kalmar default ita kaɗai. Wannan ya isa a yi lilo a intanet, shi ya sa babu wanda ya lura. Amma akwai wayoyin da ba sa neman tallafin A-GPS ta hanyar data sai an ambaci supl a wannan gurbi. Na mayar da shi default,supl, na kashe wayar na kunna, na share tsohon bayanin tallafi ta cikin GPSTest, na sa ta sauko da sabo. Washegari da safe, bayan ta kwana a kashe, ta kama wuri cikin minti ɗaya da rabi maimakon tara. Ɗan yayata ya miƙa hannu zai ɗauka yana godiya, na ce ya dakata, domin lambobin ƙarfin sigina ba su motsa ba, kuskuren kuma yana nan a mita 14, ya hau 28, ya dawo 19. Tallafin ya rage jira ne kawai. Kunnen wayar har yanzu a toshe yake.

Da na ɗumama murfin baya na ɗaga shi, abin da na fara gani shi ne gam baƙi da aka zuba ba tsari, wanda ba irin na masana'anta ba ne, da batir sabo wanda ba na asali ba. An taɓa buɗe ta ke nan kafin a sayar masa. Na fara cire igiyar batir, domin taɓa fanel, wato allon da kayan lantarkin waya ke kai, da ƙarfe alhali wuta tana ciki hanya ce ta mayar da ƙaramin gyara babba. A wannan samfuri eriyar ba ta kan fanel. Layi ne siriri da aka shimfiɗa a jikin robar da ke rufe saman fanel ɗin, kuma abin da ke haɗa su wasu 'yan ƙananan ƙarafa ne masu launin zinare, masu ɗan lanƙwasa, waɗanda ke tokare robar idan an ɗaure ta. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma na ga ɗaya daga cikinsu, na kusurwar sama kusa da kyamara, ya kwanta shame-shame, ga ɗigon gam ya bushe a kansa kamar ƙwayar gero. Sukurun da ya kamata ya danne robar a wannan kusurwa ma babu shi, raminsa ne kawai. Na kankare gam ɗin, na goge wurin da sifirit, na sa bakin hantsaki a ƙarƙashin ƙarfen na ɗaga shi kaɗan kaɗan, domin idan aka yi masa gaggawa karyewa yake yi, na nemo sukuru daidai shi a cikin gwangwanin matattun wayoyi na ɗaure. Aikin bai kai minti ashirin ba. Da muka koma kan benci, taurarin da ɗazu ke nuna 20 sun koma 36 zuwa 42, ta kama wuri kafin in ƙirga goma sha biyar, kuskuren ya sauko mita 6, ya ɗan tsaya, ya sauko 4.

Wannan ne musabbabin babba, kuma babu filashin ɗin da zai iya ɗaga ƙarfen da ya kwanta. Da an bi shawarar farko, da an share masa aikin mako guda, an karɓi kuɗinsa, ya koma gona ya tarar da abin yadda ya bar shi.

Batun kibiyar taswira bai ɗauke mu lokaci ba. Taurari suna gaya wa waya inda take, amma idan mutum yana tsaye ba sa gaya mata inda ya fuskanta. Wannan aikin wani ƙaramin kamfas ne a cikinta, wanda ke jin maganaɗisun ƙasa. Rigar da ya sa wa wayar irin mai murfi ce, mai maganaɗisu a bakin rufewa. Na kusanto da murfin yana kallo, kibiyar ta juya. Na janye, ta dawo. Muka cire rigar, ya karkaɗa wayar a iska da siffar lamba 8 sau da yawa, kibiyar ta daidaita da alƙiblar masallacin unguwa, wadda ita ce ma'aunin da muke da shi a kusa.

Matsalar sanarwa ba ta da alaƙa da duk abin da ya gabata, ko da yake shi da mai gyaran farko sun ɗauke su cuta ɗaya. A wayar Android mai manhajojin Google, ba kowace manhaja ce ke zaune tana gadin saƙonta ba, domin hakan zai cinye batir. Akwai haɗi guda ɗaya da manhajar Google Play services ke riƙewa a buɗe da kwamfutocin Google, kuma ta nan ake tashin WhatsApp ko manhajar banki a ce mata saƙo ya iso. Sanarwa tana iya mutuwa a wurare uku: ko haɗin ya yanke, ko an hana manhajar farkawa, ko ta farka amma an hana ta yin magana. Na fara da na ƙarshe saboda shi ne mafi sauƙi. Tun daga Android 13 dole manhaja ta nemi izini kafin ta nuna sanarwa, kuma mutane da yawa suna danna ƙin yarda ba tare da sun karanta ba. Nasa izinin yana nan, zauren aikin ba a rufe masa baki ba, tsarin hana damuwa kuma a kashe yake.

Na sa yaron shagona ya riƙa turo saƙo duk bayan minti biyar, wayar tana kwance allonta a kashe. Babu wanda ya yi ƙara. Da na kunna allon na sake kulle shi ina kallo, sai na ga wasu shafuka suna walƙiya da sauri, suna buɗewa suna rufewa da kansu, kafin allon ya yi duhu. Wata manhajar shara ce da ya sauko da ita, mai alkawarin sanyaya waya da ƙara mata gudu. Ta nemi izinin da aka tanada don taimaka wa masu buƙata ta musamman, ya ba ta, ita kuma tana amfani da shi wajen danna maɓallin tsayar da manhaja da ƙarfi a kan duk abin da ke cikin wayar, har da WhatsApp. A tsarin Android, manhajar da aka tsayar ta wannan hanya ba ta sake karɓar sanarwa har sai mai waya ya buɗe ta da hannunsa, wanda shi ne daidai abin da yake kwatantawa. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ban taɓa ganin wayar zamani da irin waɗannan manhajoji suka amfana ba, domin Android tana sarrafa ma'ajiyarta da kanta, kuma tashin manhajar da aka kashe ya fi barin ta kwance cin batir. Na cire ta. A bisa shawararta ne kuma ya sa WhatsApp cikin jerin manhajojin da aka taƙaita wa batir, don haka na mayar da ita cikin waɗanda ba a taƙaita ba.

Bayan haka saƙonni suka riƙa shigowa nan take a kan intanet ɗin shago, amma da na koma kan datar layinsa sai jinkiri ya dawo. Na danna *#*#426#*#* a wurin buga lamba, wanda a wayoyi da yawa yake buɗe shafin da ke nuna halin wancan haɗi na Google, na ga tarihin yana cike da haɗuwa da yankewa. Abubuwa biyu ne suka rage. Akwai wata manhajar VPN ta kyauta da wani abokinsa ya ce tana ƙara wa data sauri, wadda duk zirga-zirgar wayar ke bi ta cikinta, kuma duk lokacin da ta yi tuntuɓe haɗin yana faɗuwa tare da ita. Akwai kuma tsarin tsimin data, wanda ke hana manhajoji taɓa intanet a bayan fage idan ana kan datar layi. Na cire VPN ɗin ba tare da dogon bayani ba. A kan tsimin data da na batir ne muka yi jayayya.

Ya ce: "Kawu, ku kuna cikin gari. Inda muke zuwa babu wuta, kuɗin datar da suke ba mu kuma ba ya kai ƙarshen wata. In na kashe waɗanga, kafin azahar waya ta mutu." Maganarsa gaskiya ce, kuma mai gyaran da ya ce wa irin wannan mutum ya kashe komai kawai bai san halin da ake ciki ba. Sai muka buɗe shafin da ke nuna abin da ke cin batir da data, muka tarar cewa WhatsApp da manhajar fom ba su ne masu ci ba. Hasken allo ne da ya ƙure saboda rana, da manhajojin bidiyo biyu da yake kallo da dare. Muka tsaya a kan cewa tsimin data zai ci gaba da aiki, amma an keɓe WhatsApp da manhajar fom da taswira daga cikinsa. Saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a zaurukan da ba na aiki ba an kashe. Tsimin batir kuma zai kunna kansa ne sai caji ya sauko kashi 20 cikin ɗari. Na ba shi aron wani ƙaramin batirin ajiya, na kuma gargaɗe shi kada ya riƙa barin wayar a rana ko haɗa caji da aikin taswira idan bazara ta shigo, domin zafin Afrilu a Sakkwato yana haura digiri 40, kuma waya idan ta yi zafi tana rage wa kanta aiki.

Bayan kwana takwas ya dawo. Ɗaukar wuri ta daidaita. Ya ce yanzu kafin manomi ya gama amsa tambayar ƙarshe lambar ta riga ta sauko. A cikin gari ma saƙonni suna shigowa a kan kari. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin da zarar sun wuce Wurno suka shiga ƙauyuka, saƙo yakan makara, kuma ya lura cewa a inda wayar abokinsa mai layi irin nasa ke nuna 4G, tasa harafin E take nunawa, alamar tsohon sabis mai jan ƙafa. Na ɗauki lambar samfurin na duba zangon sabis ɗin da aka ƙera ta da su. Kamfanonin Amurka suna aiki ne da zanguna irin su 2, 4, 12, 13 da 66, yayin da na Najeriya ke amfani da irin su 3, 7, 20 da 28. Manyan wayoyi masu tsada sukan haɗa yawancinsu, amma matsakaitan da aka ƙera wa wani kamfani guda sukan zo da na gida da 'yan kaɗan na waje. Tasa tana da zango na 3, mai megahaz 1800, wanda shi ke ɗaukar ta a cikin gari, amma ba ta da 20 ko 28, masu megahaz 800 da 700, waɗanda siginarsu ta fi tafiya nesa kuma ita ce ke kaiwa inda hasumiya ta yi nisa. Wannan a jikin fanel yake, kuma buɗewa ko saiti ko filashin ba sa ƙara wa waya zangon da ba a ƙera ta da shi ba.

Na gaya masa haka ƙarara, na ce zaɓi ya rage gare shi: ko ya sayar ya nemi wadda aka yi wa kasuwarmu, ko ya zauna da ita ya san iyakarta. Ya zaɓi ya riƙe ta har kwantiraginsa ya ƙare, tunda abin da ake biyansa a kai shi ne wurin da ya ɗauka, wannan kuwa ya gyaru. Muka sauko da taswirar yankin daga Sakkwato har Goronyo a cikin Google Maps don ta yi aiki ko babu data, na kuma ce kowace safiya, kafin ya bar gari, ya tsaya a tsakar gida ya buɗe taswira har ta kama, domin wayar ta tafi da sabon bayanin taurari a cikinta. Shi kuma ya roƙi shugaban tawagarsu cewa idan shiri ya sauya bayan an fita, a kira shi ko a turo masa gajeren saƙon layi, tunda waɗannan suna shiga ko a kan E, kuma shugaban ya amince. Batirin ajiyar da na ba shi aro har yanzu yana wurinsa.